Zabura A Bakin Mawaƙan Kafanchan: Kada A Bari Kari Ya Ɓace

Duk wanda ya taɓa kwana a Kafanchan cikin watan Disamba, lokacin da hunturu ya sauko daga duwatsun Kagoro, ba zai rasa jin muryoyin mawaƙa da yamma ba. Da zarar rana ta yi sanyi sai su fara tashi daga coci-coci na unguwanni. Can matan zumunta sun jeru suna kaɗa tulu da caki, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amsawa. Can kuma samari da 'yan mata na ƙungiyar mawaƙa, wadda ake kira kwaya, sun kasu kashi huɗu, malamin waƙa yana tsai da su yana sa su maimaita baiti guda har sau biyar, domin ranar taron waƙoƙin Kirsimeti ta ƙarato. Haka abin yake a Kagoro da Kwoi da Zonkwa da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna.

Kafanchan ba gari ne da aka sani da Yahudawa ba. Amma duk da haka wani kaso mai yawa na kalmomin da ake rerawa a waɗannan wurare daga littafin waƙoƙin Yahudawa aka ɗebo su, watau Zabura, wadda aka fara rerawa cikin harshen Ibrananci fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Kalmar Halleluya Ibrananci ce, haka kuma Amin da Kirista da Musulmi duka suke rufe addu'a da ita tana cikin Zabura tun asali. Tarihin yadda Yahudawa suka yi da waƙoƙinsu, abin da suka yi asara da abin da suka ceto, yana da darasi babba ga mawaƙan kudancin Kaduna, waɗanda suke da dukiya a baki amma kaɗan daga cikinta ke a takarda.

KALMA TA TSIRA, KARI YA TAFI

Zabura waƙoƙi 150 ne. A cikinsu 73 suna ɗauke da sunan Annabi Dawuda (alaihissalamu), wasu na Asaf, wasu na 'ya'yan Kora. Musulmi ma sun san sunan littafin, domin Alƙur'ani ya ambaci cewa an ba Annabi Dawuda Zabura a cikin Suratun Nisa'i da Suratul Isra'i, ya kuma ambaci yadda duwatsu da tsuntsaye suke tasbihi tare da shi.

A zamanin da Haikalin Birnin Ƙudus yake tsaye, rera Zabura aikin wata zuriya ce da ake kira Lawiyawa. Littafin malaman Yahudawa mai suna Mishna ya bayyana cewa ba a yarda mawaƙan da ke tsayawa kan dakalin waƙa su kasa goma sha biyu ba, kuma kowace rana ta mako tana da tata waƙar: ta 24 ran Lahadi, ta 48 ran Litinin, har zuwa ta 92 ran Asabar. Suna waƙa ana kaɗa garaya da molo da kuge. Fiye da hamsin daga cikin waƙoƙin suna da wata 'yar sanarwa a kansu zuwa ga shugaban mawaƙa, wasu ma har da sunan karin da za a rera su da shi.

A cikin shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa (alaihissalamu), sojojin Rum suka rushe Haikalin, Lawiyawa suka watse. Kalmomin Zabura ba su ɓace ba, domin a rubuce suke. Har ma a shekarar 1956 an tono wani tsohon kundin Zabura a cikin wani kogo kusa da Tekun Gishiri, wanda aka rubuta tun kafin rushewar Haikalin. Amma karin waƙar, watau yadda murya take hawa da sauka, babu wanda ya rubuta shi. Uba ne yake koya wa ɗa da baki, ranar da silsilar ta yanke sai abin ya tafi. Yau ana karanta sunayen kare-karen nan a kan waƙoƙin, amma babu mahalukin da zai iya rera ko ɗaya yadda Lawiyawa suka rera. Akwai ma wata kalma, Sela, wadda ta fito sau 71 a cikin littafin, ana kyautata zaton umarni ce ga mawaƙa ko makaɗa, amma har yanzu masana ba su haɗu a kan ma'anarta ba.

Bayan wannan masifa Yahudawa suka daina kiɗa a majami'unsu, don makokin Haikali. Shekaru ɗaruruwa mutum ɗaya ne mai murya, wanda suke kira hazzan, yake jan addu'a jama'a suna amsawa.

WAƊANDA SUKA KAMA ALƘALAMI

Mutumin da ya fara buga littafin waƙoƙin Ibrananci na muryoyi da yawa shi ne Salamone Rossi, makaɗi a fadar sarakunan birnin Mantuwa na ƙasar Italiya. An buga littafinsa a birnin Banis tsakanin 1622 da 1623, yana ƙunshe da waƙoƙi 33, na murya uku har zuwa na murya takwas, yawancinsu daga Zabura. Aikin bai zo da sauƙi ba. Ibrananci daga dama ake rubuta shi zuwa hagu, kamar Larabci da Ajami, alamomin kari kuwa daga hagu suke tafiya zuwa dama, sai da masu ɗab'i suka yi dabarar jera kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin alamomin. Sa'an nan wasu dattawa suka ce wannan kwaikwayon baƙi ne, har sai da aka sa fatawar wani malaminsu, Leon Modena, a cikin littafin don kare aikin. A shekarar 1630 yaƙi ya ci Mantuwa, aka kori Yahudawan garin, aka manta da Rossi. Amma takarda ba ta mantuwa. Bayan shekara wajen ɗari biyu da hamsin wani hazzan na birnin Faris, Samuel Naumbourg, ya tattara littafin ya sake buga shi, ga shi yau ana rera waƙoƙin Rossi a zaurukan taro na ƙasashe da dama.

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Salomon Sulzer ya zama hazzan a shekarar 1826. Ya ɗauki tsofaffin kare-karen da ya gada da ka, ya tsara su don ƙungiyar mawaƙa, ya buga su a littafi. Muryarsa ta yi suna har waɗanda ba Yahudawa ba suna zuwa saurare. Shahararren mai tsara kiɗan nan Franz Schubert, wanda Kirista ne, ya tsara masa Zabura ta 92 cikin Ibrananci a shekarar 1828. A Balin ta ƙasar Jamus kuwa, Louis Lewandowski ne ya shugabanci mawaƙan Sabuwar Majami'a, wadda aka buɗe a 1866 mai ɗaukar mutum wajen dubu uku. Shi ma ya rubuta abin da ya tsara, ya rasu a 1894.

To, a daren 9 ga watan Nuwamba 1938, 'yan Nazi suka cinna wa majami'un Yahudawa wuta ko'ina cikin Jamus da Ostiriya, ɗaruruwa suka ƙone ƙurmus. A shekarun da suka biyo baya aka hallaka Yahudawan Turai kimanin miliyan shida, cikinsu har da mawaƙa da malaman waƙa. Da a ce waƙoƙin Sulzer da Lewandowski a baki kawai suke, da sun bi sawun na Lawiyawa. Amma littattafan sun riga sun ƙetare teku zuwa Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu. Tun daga shekarar 2011 ana yin bikin waƙoƙi da sunan Lewandowski a Balin cikin watan Disamba, ƙungiyoyin mawaƙa daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa su rera a birnin da aka so a shafe sunan mutanensa.

Akwai kuma mutum na huɗu, wanda aikinsa ya fi kusa da halin da kudancin Kaduna ke ciki. Abraham Idelsohn ya sauka Birnin Ƙudus a farkon ƙarni na ashirin, ya tarar da Yahudawan Yaman da na Iraƙi da na Farisa da na Maroko, kowace jama'a da nata karin da ta gada da baki, babu rubutu. Sai ya bi su da na'urar ɗaukar murya irin ta zamanin garmaho, ya zauna da tsofaffi, ya ɗauka, ya rubuta. Tsakanin 1914 da 1932 ya buga juzu'i goma. Yawancin waɗannan al'ummomi sun tashi daga ƙasashensu na asali tun tuni, amma muryar kakanninsu tana nan a ajiye.

YADDA ZABURA TA ISO KAFANCHAN

Ta hanya biyu Zabura ta shigo kudancin Kaduna. Ta farko hanyar 'yan mishan ce. Mishan ta SIM ta kafa tasha a Kwoi cikin ƙasar Ham a shekarar 1910, ta iso Kagoro a 1927, ba da daɗewa ba kuma ta buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a can, wadda ta yaye fastoci da masu bishara da yawa. Daga wannan mishan ce ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Da yake ƙasar tana da harsuna barkatai, ga Fantswam ga Agworok, ga Bajju ga Atyap, ga Ham ga Gwong, sai 'yan mishan suka riƙi Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, wanda Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan masu fassara shi, ta haka Zabura dukanta ta shiga hannun masu karatun boko. Abin sha'awa kuma, masana harsuna suna lissafa Hausa da Ibrananci da Larabci cikin babban dangi guda, ko da yake dangantakar ta yi nisa ƙwarai.

Hanya ta biyu ta jirgin ƙasa ce. A shekarar 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos. Ma'aikatan reluwe daga Kudu suka zo da coci-cocinsu na Angilika da Katolika da Metodis, suka zo kuma da salon waƙa mai murya huɗu: biyu na mata, siririya da mai bi mata, biyu na maza, matsakaiciya da mai kauri. Malaman makaranta suka koya wa yara rubuta kari da haruffan do, re, mi, wanda har gobe shi ne abin da yawancin malaman waƙa na ƙasar nan suke aiki da shi.

Sai dai karin da Turawa suka kawo bai zauna daidai a kan Hausa ba. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali suke canza ma'ana. Kalmar da ake rubutawa fara tana iya zama ƙwaron da ke cinye amfanin gona, ko soma aiki, ko launin tufa, sai an furta ake bambancewa. Idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan karin da aka tsara don Ingilishi, sau da yawa murya takan hau inda ya kamata ta sauka, mai sauraro ya ji daɗin amo amma maganar ta karkace.

Matan zumunta ne suka warware wannan matsala ba tare da sun shiga wata makarantar kiɗa ba. Suka ɗauki ayoyin Zabura da labaran annabawa suka ɗora su a kan karin gida, irin na daka da na noma da na biki, suka mai da tulun ruwa abin kiɗa, suka komo da tsarin mai bayarwa da 'yan amshi. Wanda ya duba Zabura ta 136 zai ga ayoyi 26 ne, kowace aya rabinta na biyu amshi ne guda ɗaya da ake ta maimaitawa. Ashe tsarin da matan Kagoro da Kwoi suka ga ya fi dacewa da su, shi ne tsarin da waƙar ta zo da shi tun daga gidanta. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to waɗannan mata sun mai da waƙar tasu.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Nan ne gizo yake saƙar. Waƙoƙin da aka fassaro daga Turanci suna cikin littafin waƙoƙi, an buga su an sake bugawa. Amma waɗanda aka tsara a gida, cikin Hausa da Jju da Tyap da Hyam, galibinsu a ƙwaƙwalwar tsofaffin mata da malaman waƙa suke. Wasu an ɗauke su a kaset cikin shekarun 1980 da 1990, kaset ɗin kuwa zafi da ƙura sun cinye, na'urar sauraronsa ma ta yi wuyar samu. Matasa kuma sun karkata ga kiɗan lantarki da waƙoƙin da suke ji a waya daga Ikko da Amurka. Ba laifi ba ne yaro ya so sabon abu. Amma duk ranar da aka binne wata tsohuwa mai ba da waƙa ba a ɗauki muryarta ba, an binne ta da waƙoƙin da ba mai sauran sanin farkonsu.

Kuma ƙasar ta san wuta. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan cikin watan Maris 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. Aka yi na Zangon Kataf a 1992. Cikin watan Afrilu 2011, bayan zaɓe, aka ƙone kasuwar Kafanchan, aka yi asarar rayuka masu yawa a can da Zonkwa. A waɗannan fitinu coci sun ƙone, masallatai sun ƙone, littattafai da takardun da ke cikinsu sun bi iska. Jama'ar da ta ga irin wannan ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan abin da ya sa ba a ajiye dukiya a ɗaki guda.

Musulmin yankin ma suna da misali a hannunsu. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rayu a ƙarni na goma sha uku, ta iso ƙasar Hausa ta zauna daram domin a rubuce take. Amma kare-karen da ake rera ta da su a daren Mauludi, waɗanda sukan bambanta daga gari zuwa gari, su ma da ka ake riƙe da su, kuma haɗarin da ke kan na maƙwabta shi ne a kansu.

TSAKANIN IBADA DA ZAUREN TARO

Akwai dattawan coci da ba sa jin daɗin a fitar da waƙar ibada zuwa dandali. Suna cewa da zarar an fara tafi da ba da kofi, sai zuciya ta bar Ubangiji ta koma kan alƙalan gasa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, duk wanda ya ga yadda gasar mawaƙa takan ƙare da gunaguni zai shaida. Yahudawa ma sun yi wannan gardama tun zamanin Rossi, kuma har yau masu riƙon gargajiya a cikinsu ba su yarda da kayan kiɗa a majami'a ran Asabar ba.

Amma zauren taro yana da wani amfani da ɗakin ibada ba shi da shi, watau ƙofarsa a buɗe take ga wanda ba zai taɓa shiga ɗakin ibadar wani ba. A shekarar 1963 shugaban limaman babbar cocin Chichester ta Ingila, Walter Hussey, ya roƙi Leonard Bernstein, Bayahude ɗan Amurka, ya tsara masa waƙa. Bernstein ya zaɓo ayoyi daga Zabura shida, ya bar su cikin Ibrananci. A tsakiyar aikin, yaro ɗaya yana rera Zabura ta 23, wadda take kwatanta Ubangiji da makiyayi, sai muryoyin maza su auko masa da Zabura ta 2 mai zancen hargitsin al'ummai, daga baya muryar salama ta komo. Ya rufe da ayar farko ta Zabura ta 133, mai yabon zaman 'yan'uwa wuri ɗaya. An fara rera shi a Niyok ran 15 ga Yuli 1965, aka rera a Chichester a ƙarshen watan. Mutumin Kafanchan da ya ga 1987 da 2011 ba ya bukatar tafinta kafin ya gane abin da wannan tsari yake nufi.

Ba a ce taron waƙa zai share bambancin aƙida ba. Bayahude da Kirista da Musulmi kowa da yadda ya fahimci Zabura da matsayinta, malaman Musulunci kuma sun yi saɓani kan hukuncin kiɗa. Ba kuma a ce waƙa za ta raba gardamar gona da burtali da sarauta ba. Cikin watan Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kaciya da Sanga da Zangon Kataf sun sa hannu kan takardar zaman lafiya a Kafanchan, amma jini bai daina zuba a ƙauyuka ba bayanta. Sa hannun shugabanni abu ne mai kyau, sai dai talakawa ma suna bukatar wurin da za su zauna kusa da juna ba don ta'aziyya ko sasanci ba. Zumunta a ƙafa take.

ABIN YI

Aikin bai fi ƙarfin jama'a ba, domin abin da Idelsohn ya sha wahalar yi da na'ura mai nauyi, yau wayar hannu tana yin sa. Ya kamata kowace gunduma ta ECWA, da Dayosis na Katolika da na Angilika na Kafanchan, su sa matasa su bi tsofaffin masu ba da waƙa gida-gida, su ɗauki murya, su rubuta kalmomi, su rubuta sunan wanda ya tsara da garinsu da shekarar da aka fara rerawa in an tuna. Malaman waƙa su mai da karin zuwa do, re, mi, ko da ba zai kama kowane lanƙwasar murya ba. A yi kwafi uku, ɗaya a coci, ɗaya a makarantar tauhidi ta Kagoro ko Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ɗaya a Gidan Arewa da ke Kaduna. Makarantun Islamiyya da zawiyoyi su ma su yi haka da nasu kare-karen na bege.

Sa'an nan sau ɗaya a shekara, a ce cikin makon da ya gabaci bikin Afan na Kagoro da ake yi ran 1 ga Janairu, lokacin da 'yan ƙasa suke komowa gida daga birane, a shirya taron waƙa a zauren gari, ba gasa ba kofi. A rera Zabura ɗaya cikin Hausa da Tyap da Jju da Hyam, kowace da karinta, a buga takardar fassara a raba wa masu sauraro, a gayyaci sarakuna da limamai da maƙwabta, wanda ya ga zai iya zuwa ya zo, wanda bai ga dama ba kada a zarge shi. Ƙungiyar da ta ji ƙarfi tana iya koyon ɗaya daga cikin na Rossi ko na Lewandowski, tun da takardunsu suna samuwa, don jama'a su ji yadda masu waƙar na asali suke rera ta.

Lawiyawa suna da Haikali da kayan kiɗa da albarkar sarakuna, ba su taɓa zaton ranar da za a nemi karinsu a rasa za ta zo ba. Tsofaffin matan zumunta na Kafanchan da Kagoro da Kwoi kuwa suna nan da ransu, da muryarsu, kuma ba za su ƙi wanda ya zo da ladabi ya ce su rera masa ba. Allah ya sa a je musu tun suna iya bayarwa.